Rasit Biyu, Lamba Ɗaya: Inda Ya Kamata Makuro Ya Ajiye Lissafi a Takardar Word

A wani ƙauye na ƙaramar hukumar Garun Malam a Jihar Kano, inda ruwan madatsar Tiga ke biyo magudanan Kadawa ya shayar da gonakin rani, akwai wata ƙungiyar manoma da ke ba mambobinta taki bashi. Mutum ya ɗauki buhun kamfa ko na yuriya mai kilo 50 lokacin shuka, ya biya bayan ya yanke shinkafa ko ya sayar da albasa. Shaidar bashin ita ce rasit mai rabi biyu: manomi ya tafi da rabin sama, rabin ƙasa ya zauna a jakar ma'aji. Lambar da ke jikinsu ita ce igiyar da ta ɗaure rabin biyu, babu wata.

Kayan aikin ƙungiyar ba su da yawa. Laftof ce ɗaya tsohuwa mai Windows 10 da Word 2016, batirinta ya gaji har ba ta jimawa in an zare waya, sai firinta da ake kunnawa da wutar sola. Idan tawada ta ƙare, a zuba takarda a filash a kai shagon buga takardu a Kura.

Ranar karɓar biya rigima ta tashi. Manoma biyu suka zo da rasit mai lamba 0214, ɗaya na buhu 2, ɗaya na buhu 6. Aka kunna kwamfuta don a raba gardama, sai rasit ɗin mai buhu 6 ya fito a kan allo da lamba 0215, kuma da kwanan watan ranar da ake zaune, ba ranar da aka ɗauki takin ba. Dattijon da ke riƙe da shi ya ce, "Malam Sakatare, takardar hannuna ce ke ƙarya ko na'urarka?" Babu wanda ya ci kuɗin kowa a wurin. Makuron da ke ba da lamba ne aka sa ya ajiye lissafinsa inda bai dace ba.

Wuraren ajiya guda huɗu

Makuro ɗan gajeren umarni ne da ake rubutawa da harshen VBA, wanda ya shigo Word tun fitowar Word 97. Ana buɗe wurin rubuta shi da Alt+F11. Duk lambar da makuro ya riƙe a kansa yana cikin aiki, ta tafi da zarar ya gama ko an rufe Word. In ana so ta kwana, dole a rubuta ta a wani wuri, kuma wuraren da aka saba amfani da su huɗu ne.

Na farko ɓoyayyen aljihu ne a jikin takardar kanta, wanda Word ke kira Variables. Layi ɗaya ya isa a zuba abu a ciki:

ActiveDocument.Variables("Lamba").Value = "0214"

In aljihun babu shi, wannan layin zai ƙirƙire shi. In akwai, ya sauya abin da ke ciki. Komai a matsayin rubutu yake ajiyewa, shi ya sa sifirin gaba ba ya ɓata, kuma yana ɗaukar haruffa har 65,280. Ba a ganinsa a shafi sai an yi masa taga: a danna Ctrl+F9, baka biyu masu lanƙwasa su fito, a rubuta DOCVARIABLE Lamba a tsakaninsu, a danna F9. Rubuta bakan da hannu daga allon rubutu ba ya aiki, kuma nan ne masu koyo da yawa suke ɓata yini. Ana iya buɗe taga goma ga aljihu ɗaya, duk su nuna abu guda. Wannan ne amfaninsa ga rasit mai rabi biyu: lamba da suna ba za su taɓa saɓawa tsakanin sama da ƙasa ba.

Na biyu bayanan takarda ne da mutum ke ƙarawa da kansa, CustomDocumentProperties. Su ma a jikin takarda suke, amma kowa zai iya ganinsu ya gyara ta File, Info, Properties, Advanced Properties, Custom, kuma rubutu a cikinsu ba ya wuce haruffa 255. Sun dace da abin da ake so sakatare ya iya canzawa ba tare da ya taɓa makuro ba, kamar shekarar noma. Na uku ƙaramin fayil ne a wajen takarda, mai ƙarewa da .ini, wanda System.PrivateProfileString ke karantawa da rubutawa. Na huɗu rajistar Windows ce, ta SaveSetting da GetSetting. Wannan na ƙarshen bai dace da kwamfutar ƙauye ba: ranar da aka kai ta wurin mai gyara ya sake zuba mata Windows, lissafin ya tafi, kuma ba abu ne da sakatare zai iya kwafa a filash cikin sauƙi ba.

Yadda aka ɗaura aikin da farko

Wani matashi ɗan ƙungiyar da ya koyi kwamfuta shi ya rubuta makuron farko, kuma tunaninsa ba na banza ba ne. Ya yi fayil ɗaya, Rasit.docm, irin fayil ɗin Word mai ɗaukar makuro, ya sa makuro mai suna Document_Open, wanda ke tashi da kansa duk lokacin da aka buɗe takardar. Makuron ya karanta aljihun Lamba, ya ƙara 1, ya mayar, ya sabunta tagogi. Sakatare ya cika suna da yawan buhu, ya buga, sannan ya yi Save As da sunan manomin. Da aka gwada sau uku a jere, ana buɗewa ana adanawa, lamba ta yi ta hawa daidai. Sai aka fara aiki da shi.

Ta hanyoyi uku ya lalace, kuma dukkansu tushensu ɗaya.

Save As ba ya taɓa fayil na asali. Idan Rasit.docm yana ɗauke da 0213, aka buɗe ya koma 0214 a kan allo, aka adana da sabon suna, to sabon fayil ne ya tafi da 0214. Na asalin yana nan a 0213 ɗinsa a cikin faifai. Manomi na gaba ya zo, a sake buɗe Rasit.docm, ya sake ba da 0214. Abin da ya rufe wannan aibi na tsawon lokaci shi ne sakatare ya saba danna Ctrl+S, wato adanawa a fayil na asali, kafin ya yi Save As, ba don ya san dalili ba, hannunsa ne ya saba. Ranar da layi ya yi tsawo, ko wuta ta ɗauke kwamfuta ta mutu kafin ya danna, ko mataimakinsa ne ya zauna a kujerar, lamba ta maimaitu.

Hanya ta biyu ta fi muni. Kowane rasit da aka adana da sunan manomi shi ma .docm ne, ya tafi da makuron a cikinsa. Saboda haka duba tsohon rasit kawai yana ƙara masa lamba, kuma in Word ya tambaya ko a adana aka amsa da to, shaidar ta canza ke nan har abada. Abin da dattijon ya gani da idonsa ke nan. Kwanan wata kuwa da tagar DATE aka sa shi, ita kuma aikinta nuna ranar yau, ko yaushe aka buɗe.

Ta uku filash ce. Lokacin da tawada ta ƙare aka kai Rasit.docm shagon Kura, aka yi rasit da dama a can, kwafin filash ya ci gaba da ƙirgensa, na laftof yana tsaye inda aka bar shi. Da aka dawo aka ci gaba da na laftof, lambobin da aka riga aka bayar a Kura suka sake fitowa.

Gyaran farko da aka gwada shi ne a mayar da fayil ɗin uwar takarda, wato Rasit.dotm, wadda in an danna ta sau biyu take haifar da sabuwar takarda, a kuma sauya makuron zuwa Document_New. Wannan mataki daidai ne, ya kashe matsalar tsohon rasit mai canza lamba. Amma sai kowane sabon rasit ya riƙa fitowa da lamba iri ɗaya. Dalili kuwa, sabuwar takarda tana gadon aljihunan uwarta kamar yadda suke, kuma kalmar ActiveDocument a cikin makuron tana nufin 'yar ce, ba uwar ba. 'Yar ake ƙara wa 1, uwar ba ta motsa ba. Uwar ita ce ThisDocument. Ana iya sa makuro ya ƙara lambar a ThisDocument ya adana ta duk lokacin da aka yi rasit, kuma yana aiki. Sai dai hakan na nufin a riƙa sake rubuta fayil ɗin da ke ɗauke da makuro da tsarin shafi gaba ɗaya sau da yawa a yini, a kan kwamfutar da ke iya mutuwa ana tsakiyar adanawa. Kuma ranar da aka gyara tsarin rasit aka maye gurbin uwar da sabuwa, ƙirge ya koma baya. Bai kamata a ɗora wa abu ɗaya kaya biyu irin wannan ba.

Rabon da ya warware matsalar

Lambobi iri biyu ne a wannan aiki, ko da yake a ido kamarsu ɗaya. Akwai lambar wannan rasit, wadda ba a so ta sake motsi daga ranar da aka buga shi. Akwai kuma lambar ƙarshe da aka bayar, wadda dole ta motsa kullum, kuma dole ta zama a wuri ɗaya tak. Ta farko gidanta jikin rasit. Ta biyu gidanta wajen kowane rasit. Makuron farko aljihu ɗaya ya ba su su biyun.

Aka buɗe folda C:\Rasit, aka sa uwar takarda a ciki. Aka buɗe Notepad aka rubuta layi biyu, na farko kalmar Rasit a cikin baka mai kusurwa, na biyu Karshe=300, aka adana da suna lamba.ini. An fara daga 300 ne da gangan, don a tsallake duk lambobin da suka ruɗe. Wurin adanawa sai an zaɓi All Files, in ba haka ba Notepad na iya liƙa masa .txt a ƙarshe, makuro ya neme shi ya rasa. Sannan aka buɗe uwar takardar ta danna maɓallin dama a zaɓi Open, aka shiga Alt+F11, aka rubuta wannan a sashen ThisDocument:

Private Sub Document_New()
Const Littafi = "C:\Rasit\lamba.ini"
Dim n As Long, suna As String, buhu As String, fayil As String
suna = Trim(InputBox("Sunan manomi"))
buhu = Trim(InputBox("Buhu nawa"))
n = Val(System.PrivateProfileString(Littafi, "Rasit", "Karshe")) + 1
fayil = "C:\Rasit\R" & Format(n, "0000") & ".docx"
If suna = "" Or buhu = "" Or n = 1 Or Dir(fayil) <> "" Then
MsgBox "An tsaya. A duba suna, buhu da lamba.ini"
ActiveDocument.Close SaveChanges:=wdDoNotSaveChanges
Exit Sub
End If
System.PrivateProfileString(Littafi, "Rasit", "Karshe") = CStr(n)
With ActiveDocument
.Variables("Lamba").Value = Format(n, "0000")
.Variables("Suna").Value = suna
.Variables("Buhu").Value = buhu
.Variables("Rana").Value = Format(Date, "dd-mm-yyyy")
.Fields.Update
.SaveAs2 FileName:=fayil, FileFormat:=wdFormatXMLDocument
End With
End Sub

Jerin layukan ba a banza yake ba. Ana rubuta sabuwar lamba a lamba.ini kafin a taɓa rasit. In kwamfuta ta mutu a tsakani, abin da zai faru shi ne a tsallake lamba ɗaya, sakatare ya rubuta a littafinsa cewa an soke ta. Giɓi a lissafi ana iya bayaninsa a gaban taro. Lamba ɗaya a hannun mutum biyu ita ke kai mutane gaban dagaci.

Layin da ya fara da If shi ne mai gadin ƙofa, kuma kowane sharaɗi a cikinsa yana da dalili. Idan aka zuba wa aljihu rubutun da babu komai a ciki, Word ba ya barinsa fanko, share shi yake yi gaba ɗaya. Daga nan tagarsa ta koma nuna "Error! No document variable supplied.", makuron da ya nemi karanta shi kuma ya tsaya da kuskure mai lamba 5825. Don haka ba a barin suna ko buhu su wuce babu komai. In akwai gurbin da ba dole ba ne a cika, kamar ƙarin bayani, a zuba masa ɗan layi ko tazara ɗaya. Sharaɗin n = 1 na kama ranar da lamba.ini ya ɓata: PrivateProfileString ba ya ƙorafi in bai sami fayil ba, fanko yake dawowa da shi, Val ya mai da shi sifiri, ƙirge ya koma farko shiru. Shi kuma Dir yana duba ko akwai rasit mai wannan lamba tun da, domin SaveAs2 daga cikin makuro ba ya tambaya, danne tsohon fayil yake yi kai tsaye. Wannan dubawa guda ta fi duk sauran layukan daraja, don ita ce ke hana sabon bashi goge tsoho.

Adanawa a matsayin .docx ita ma da manufa. Irin wannan fayil ba ya ɗaukar makuro, amma yana riƙe aljihunansa. Kwanan wata ya zama rubutu tsayayye a aljihun Rana, babu abin da zai sake juya shi. An kuma sa n, mai riƙe lamba a makuron, ya zama nau'in Long, ba nau'in Integer ba, saboda Integer yana tsayawa a 32,767. Lambar rasit za ta daɗe ba ta kai can ba, amma duk wanda ya kwaikwayi makuron ya sa kuɗi a Integer zai ci karo da wannan katanga tun a rasit na farko. Ga mai son ƙara kuɗin, akwai wani rami kuma: Val yana tsayawa a waƙafi, in an rubuta 12,500 zai karanta 12. Sai an cire waƙafin da Replace kafin lissafi, a mayar da shi da Format wurin nunawa.

Abubuwan da suka biyo baya

Rabin ƙasa na rasit ya ƙi sabuntawa a gwajin farko. An sa shi ne a cikin akwatin rubutu mai yawo, shi kuma Fields.Update na ActiveDocument jikin takarda kawai yake bi, ba ya shiga akwatunan rubutu, ba ya shiga saman shafi da ƙasansa. Ana iya bin su ɗaya bayan ɗaya ta StoryRanges, amma hanya mafi sauƙi aka ɗauka: aka rushe akwatin, aka yi tebur mai layi biyu a jikin shafi, da ɗigo-ɗigo a tsakani inda almakashi zai bi.

Sai maganar haruffanmu masu lanƙwasa. Aljihun takarda yana riƙe ƙ da ɗ da ɓ lafiya lau, amma wurin rubuta VBA bai san su ba, alamar tambaya yake mayar da su, haka ma akwatin saƙo na MsgBox. Shi ya sa aka rubuta Karshe a makuron ba Ƙarshe ba. Amma sunan mutum a takardar bashi ba abin wasa ba ne. Ɗanladi ba Danladi ba ne a idon mai sunan. Dabarar da aka yi ita ce sakatare ya riƙa sa tauraro bayan harafin, ya rubuta D*anladi, makuro ya musanya kafin ya zuba a aljihu:

suna = Replace(suna, "D*", ChrW(394))

Lambobin su ne 409 ga ƙ, 408 ga Ƙ, 599 ga ɗ, 394 ga Ɗ, 595 ga ɓ, 385 ga Ɓ, layi shida ke nan, a sa su bayan layin da ke karɓar suna. An zaɓi tauraro ne maimakon ɗan waƙafin sama saboda sunaye irin su Sa'idu da Ya'u da Mu'azu suna buƙatarsa. A tabbata kuma salon rubutun da aka zaɓa wa rasit yana da waɗannan haruffa, a gwada bugawa kafin ranar rabo.

Makuron ya taɓa ƙin tashi gaba ɗaya bayan an turo gyararriyar uwar takarda ta intanet. Ba lalacewa ta yi ba. Word yana zargin makuro tun zamanin ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke bin takardu, irin Melissa ta 1999, kuma daga 2022 Microsoft ya ƙara tsanantawa a kan fayil ɗin da ya zo daga intanet. In fayil ya zo ta wannan hanya, a danna masa maɓallin dama, Properties, a sa alama a Unblock. Sannan a shiga File, Options, Trust Center, Trust Center Settings, Trusted Locations, a ƙara C:\Rasit kaɗai. Wasu masu gyara sukan buɗe ƙofa ga kowane makuro don su huta. A kwamfutar da filash ɗinta ke zagaya shagunan buga takardu, wannan ganganci ne, kada a yarda. A sani kuma Word na wayar hannu ba ya tafiyar da makuron VBA. Zai nuna rasit da aka gama, ba zai ba da sabuwar lamba ba.

Kwanan wata yana da nasa rauni da makuro ba zai iya gyarawa ba. Date agogon kwamfuta yake tambaya, tsohuwar kwamfuta kuma in ɗan batirin cikinta mai kama da kwabo ya mutu, agogon kan koma wata shekara can baya duk lokacin da wuta ta yanke. Kafin a canza batirin, dokar da aka kafa ita ce sakatare ya dubi kusurwar allo kafin rasit na farko kowace safiya.

An so a ɓoye lambar wayar manomi da ragowar tsohon bashinsa a wani aljihu marar taga, tunda ba a gani a shafi. Ba a yi ba, kuma daidai ne da ba a yi ba. Fayil ɗin .docx ƙunshi ne kawai. Duk wanda ya sauya ƙarshen sunansa zuwa .zip ya buɗe word\settings.xml zai karanta aljihunan duka a fili. Rasit da za a iya tura wa wani kada ya ɗauki abin da mai shi ba zai so a gani ba.

Zuwa Kura bai daina ba, tunda tawada ba ta daina ƙarewa ba, amma abin da ake kaiwa ya canza. A laftof ake yin kowane rasit, a fitar da shi PDF ta File, Save As, PDF ɗin kaɗai ke shiga filash. Uwar takarda da lamba.ini ba sa barin kwamfutar don aiki. In wata rana ƙungiyar ta sami kwamfuta ta biyu, kowacce sai ta sami nata lamba.ini da nata harafin gaba, A0301 a nan, B0001 a can, kada a ce za a riƙa daidaita ƙirge ɗaya da baki; a ta biyun kuma sai a rubuta rasit na farko da hannu a fara fayil ɗinta da Karshe=1, tunda mai gadin ƙofa ba ya barin lamba 1 ta wuce.

Tsofaffin rasit masu lamba biyu an bi su da rabin da ke jakar ma'aji, ɗaya bayan ɗaya, aka ƙara wa na biyun harafi da biro, shugaba da manomin suka sa hannu. Tsofaffin fayilolin .docm kuwa an buɗe kowanne ana riƙe da Shift, wanda ke hana makuron buɗewa tashi, aka gyara lamba da rana su dace da takardar hannu, aka adana su a matsayin PDF. Duk yammacin da aka yi rabo, ana kwafe foldar C:\Rasit gaba ɗaya zuwa wata filash da ba ta zuwa shago, sakatare kuma ya rubuta lambar ƙarshe ta ranar a littafin ƙungiya. In lamba.ini ya ɓata, daga wannan littafi za a sake rubuta layinsa biyu a Notepad.